Tambaya da Amsa: Firjin Jirgin Ruwa da Wutar da ke Tafiyar da Shi

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga masu jiragen ruwa, kuma dukkansu a kan firji. Ta farko ce za ta fi cin fili, domin ita ce tambayar da aka fi yi mini tun da na fara aikin wuta a cikin jirage. Ta uku kuwa ita ce nake roƙon kowa ya karanta, ko da ba shi da firji.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai inji, nakan yi kwana biyu ko uku a cikinsa. Na sa masa firji mai aiki da batir, na bolt 12. In inji na aiki, firjin lafiya lau, har ƙanƙara yake yi. Amma da na kashe inji, bayan awa uku ko huɗu sai in ji ya yi "ƙas", ya ɗan yi gurnani kamar zai tashi, ya mutu. Bayan kamar minti ɗaya ya sake yin haka, har gari ya waye. Na auna batir da mita, ya nuna 12.4. Wani mai gyara ya ce gas ne ya ƙare, wani ya ce kwamfiresa ce ta mutu. In sayi sabo ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi komai tukuna. Wasiƙarka da kanta ta wanke firjin daga laifi. Firjin da gas ɗinsa ya zube ba ruwansa da ko inji na aiki ko ba ya aiki: kwamfiresarsa za ta yi ta juyawa ba tsayawa, sanyi kuwa babu. Kwamfiresar da ta mutu kuma ba ta yin ƙanƙara da rana ta mutu da dare. Abu ɗaya ne ke canjawa in ka kashe inji, shi ne ƙarfin wuta. In inji na aiki, altaneta, wato na'urar jikin inji mai cajin batir, na tura abin da ya kai bolt 13.8 zuwa 14.4. Da ka kashe, an koma kan batir kaɗai, sha biyu da ɗoriya, kuma yana ta raguwa.

Da yawa daga irin waɗannan firji suna ɗauke da kwamfiresa samfurin Danfoss BD35F ko 'yar'uwarta BD50F, wadda yanzu ake sayarwa da sunan Secop. A jikinta akwai ɗan baƙin akwati mai kula da ita. An tsara shi tun daga masana'anta ya kashe kwamfiresa in wutar da ke iso masa ta sauka zuwa 10.4, kuma ba zai bari ta sake tashi ba sai wuta ta koma 11.7. An yi haka ne don kada firji ya tsotse batir har ya kashe shi. To wannan "ƙas" da kake ji, akwatin ne yake aikinsa. Ya gwada tayar da kwamfiresa, wuta ta faɗi, ya janye. Wuta ta farfaɗo, ya sake gwadawa.

Za ka ce ai ka auna ka ga 12.4. A ina ka auna, kuma a wane lokaci? Na tabbata a kan batir ka ɗora mita, kuma a lokacin da firji yake kwance. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Akwatin bai san abin da ke kan batir ba, abin da ya iso bakinsa kaɗai ya sani, bayan wuta ta ratsa waya, da fis, da makunni, da kowane haɗi da ke kan hanya. Kuma waya ba ta cin wuta sai ana jan kaya ta cikinta. Waya siririya kamar gashi za ta nuna maka 12.4 cif in ba a jan komai.

Bari mu yi lissafi. A ce tsakanin batir da firji mita 6 ne. Wuta sai ta je ta dawo, wato mita 12 na waya ke nan. In wayar mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ce, irin wadda mutane ke ɗebowa daga ragowar aikin fitilu, kuma kwamfiresa na jan amfiya 5, bolt 0.7 ne zai salwanta a hanya. A lokacin tashi kuwa kwamfiresa na fizgar fiye da haka, asarar ma ta ninka. Ƙara haɗi guda ɗaya da ya yi tsatsa, ƙara batirin da shi ma yake ɗan durƙusawa in an ɗora masa kaya, sai ga ka a 10.4. Kamfanin da ya ƙera kwamfiresar ya ba da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ga masu bolt 12: waya mai kaurin 2.5 kada nisanta ya wuce mita 2.5 daga batir, mai 4 mita 4, mai 6 mita 6, mai 10 mita 10. Ga masu bolt 24 nisan ya ninka.

Ga abin da za ka yi. Ka samu wanda zai taya ka. Ka ɗora bakunan mita a kan ƙafafu biyu masu alamar + da − a jikin baƙin akwatin, ka zuba wa mita ido har kwamfiresa ta yi yunƙurin tashi. Lambar da ta bayyana a wannan daƙiƙar ita ce gaskiya. Sai ka koma kan batir, a kan dalmar kan batir ɗin kanta, ka jira wani yunƙurin, ka sake karantawa. In batir ya tsaya a sha biyu da wani abu amma bakin firji ya faɗi ƙasa da 11, laifin na hanya ne, wato waya ko haɗi. In su biyun suka faɗi tare, batirin ne ya tsufa. Tsohon batir yakan nuna lamba mai kyau in yana hutawa, da an ɗora masa kaya sai ya zube.

In hanya ce, ka bi ta haɗi bayan haɗi. Ka ɗora baki ɗaya na mita kafin haɗin, ɗayan bayansa, alhali wuta na gudu. Haɗi mai lafiya kusan sifili zai nuna. Kada ka manta da baƙar waya, ta dawowa. Mutane suna ta bin ja su bar baƙa, alhali rabin tafiyar a kanta ake yi.

Na taɓa shiga wani jirgi da mai shi ya riga ya canja firji sau biyu, yana shirin na uku. Na bi waya da hannu ta bayan wani katako a ƙarƙashin wurin zama, sai yatsana ya taɓa wani kumburi da aka naɗe da salatif. Da na warware, wayoyi biyu ne aka murɗa da hannu. Jan ƙarfen ya koma baƙi, wani koren gari na zubowa a tafin hannuna, kuma silin waya uku ko huɗu ne kawai suka rage a haɗe. Wurin da ɗumi kamar an hura masa baki. Na yanke har sai da na iske jan ƙarfe mai sheƙi, kusan kamu ɗaya daga haɗin, domin tsatsa kan bi ta cikin roba ta yi nisa. Firji biyun da aka fitar ba abin da ya same su. An bar jaki ana dukan taiki, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan ɗumin, a bayan busasshen katako, a ƙarƙashin inda yara ke kwana.

Akwatin ma yana iya faɗa maka ciwonsa da kansa. In ka haɗa ɗan ƙwan LED na bolt 12 tsakanin ƙaramar ƙafar + da ƙafar D, zai riƙa ƙiftawa. Ƙiftawa ɗaya, wuta ta yi ƙasa. Biyu, fanka na jan wuta fiye da kima. Uku, kwamfiresa ta kasa tashi, sau da yawa don an kashe an kunna nan take gas bai daidaita ba, sai a ba ta minti biyar. Huɗu, ta tashi amma ta kasa riƙe gudunta. Biyar, akwatin ya yi zafi. Wasu firjin sun zo da ƙwan a jikinsu. Ina kyautata zaton naka sau ɗaya zai ƙifta.

Wani zai ba ka shawarar a haɗa ƙafar C da P don a sauke iyakar kashewa zuwa 9.6. Dabarar tana aiki, firji zai daina "ƙas", amma ba na son ta ga mai batirin dalma. Ciwon na nan, an toshe masa baki ne kawai, kuma batirin ne zai biya.

Sai maganar ko batirin ma ya isa. Firji mai jan amfiya 4, in yana aiki rabin lokaci yana hutawa rabi, zai ci amfiya-awa 48 a awa 24, wato amfiya 4 sau awa 12. Batirin dalma mai amfiya-awa 100 kuwa rabinsa kaɗai ya kamata a ci, in ana so ya yi ƙarko. Ka ga batir ɗaya kwana ɗaya ke nan, ba a ma sa fitilu ba. In yana hutawa, cikakken batir na nuna 12.6 zuwa 12.7, a 12.2 kuwa ya kai rabi. Mai kwana uku a ruwa yana buƙatar ƙarin batir ko sola. Ka kuma share ƙurar da ke kan raga mai zafi ta bayan firji, ka buɗe mata hanyar iska sama da ƙasa, domin firjin da aka cusa a akwati marar iska ba ya hutawa. Batirin tayar da inji kuma ka ware shi daban. Kada firji ya taɓa shi, don kada a wayi gari da ruwan sanyi da injin da ya ƙi tashi.

Tambaya: Malam, fis ɗin firjina mai amfiya 15 yana yawan ƙonewa. Na gaji da saye, sai na sa mai 30, yanzu shiru. Akwai matsala? Daga mai kamun kifi.

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma ina so ka cire shi yau. Fis ba don firji aka sa shi ba, don waya aka sa shi. Aikinsa ya ƙone kafin waya ta yi zafin da zai narkar da robarta. Da ka sa mai 30 a kan wayar da aka auna wa 15, wayar ce ta zama fis, kuma ita in za ta ƙone, tun daga batir har firji za ta yi ja, ta bayan katako da soso da inda hannunka ba ya kaiwa. Mutane na raina bolt 12 saboda ba ya jan mutum. Gaskiya ne ba ya ja, amma batir ɗaya na iya zubo ɗaruruwan amfiya a take in ja da baƙa suka haɗu. Na ga sifana da ta faɗa kan kawunan batir biyu, gefenta ya narke kamar an yi mata walda. Shi ya sa nake cire zobe da agogo kafin in taɓa batir, kuma baƙar waya nake fara kwancewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa.

Ga irin kwamfiresar da na ambata a sama, 15 shi ne daidai a bolt 12, 7.5 kuma a bolt 24. In yana ƙonewa, da dalili. Ka duba fis ɗin da ya mutu. In ya yi baƙi ya fashe, ja ta taɓa baƙa ko ta taɓa ƙarfe a wani wuri, ka nemi inda waya ta ratsa rami ko ta goga da kaifi, domin jirgi kullum cikin girgiza yake. In kuwa robar gidan fis ɗin ce ta narke ko ta canja launi, gidan ne ya saki ko ya yi tsatsa, zafinsa ke kashe fis.

Ka kuma duba inda fis ɗin yake zaune. Ƙa'idar ABYC, hukumar da ke tsara wa masu ƙera jiragen ruwa ƙa'idoji a Amurka, ta ce ya kasance cikin inci 7 daga inda wayar ta ɗauki wuta, wato kamar santimita 18. Fis da aka sa a jikin firji ya bar duk tsawon wayar ba mai gadi. In za ka sake waya, ka nemi mai silli-silli da yawa wadda aka shafe da kuza, ita ce ke jure danshi da gishiri. Waya mai ƙarfe ɗaya irin ta ginin gida karyewa take yi da girgiza. Bakunan kuma a matse su da abin matsewa na gaske, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi.

Tambaya: Malam, in muka tsaya a tasha muka jona wutar gaɓa, nakan ji ɗan tsiri-tsiri a hannu in na taɓa ƙofar firji, musamman in ƙafata da jiƙa. Maigidana ya ce ba komai, haka wutar tasha take. Yaranmu kan yi iyo a gefen jirgin. Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, na gode da kika rubuto, kuma da ina da hanya da ban jira mujalla ta fito ba. Ki hana yaran shiga ruwan nan daga yau. Ku zare wayar gaɓa, ta ɓangaren tasha tukuna, kada a sake jonawa sai ƙwararren mai aikin wutar jirgi ya duba. Ina girmama maigida, amma a nan bai yi daidai ba.

Wutar gaɓa ba irin ta batir ba ce. Bolt 230 ce, ko 120 a Amurka, kuma tana kisa. Abin da kike ji yana nufin abu biyu sun lalace a lokaci guda: wuta na yoyo zuwa jikin ƙarfen firji ko cajar batir, sannan wayar at, mai kore da rawaya, wadda ya kamata ta kwashe wannan yoyon ta mayar da shi gaɓa har bireka ta faɗi, ta tsinke ko ta yi tsatsa ko ba a ma haɗa ta ba. Wutar da ta rasa hanyar komawa za ta nemi wata. Ta jikinki ne in kin taɓa, ko kuma ta ƙarfen inji da farfela zuwa cikin ruwa.

Abin da ke faruwa da mai iyo a irin wannan ruwa shi ne abin tsoron. Ba sai wuta mai yawa ba. Kaso 10 zuwa 15 cikin dubu na amfiya ɗaya ya isa ya sandarar da tsokar mutum, ya kasa motsa hannu da ƙafa, ya nutse shiru, ko da gwanin iyo ne. Sau da yawa ba a ganin tabon ƙuna a jiki, sai a ce ruwa ne kawai ya ci shi. Kuma haɗarin ya fi yawa a ruwan daɗi, na kogi da tafki da madatsa. Ruwan gishiri ya fi jikin mutum saurin ɗaukar wuta, don haka yawancinta kan bi ta gefe. Ruwan daɗi kuwa jikin mutum ya fi shi, sai wutar ta zaɓi mutum.

In wani yana cikin ruwa ya ce yana jin tsiri-tsiri, a ce masa ya juya ya yi nesa da jirgi da tasha, kada ya nufi tsanin ƙarfe. A kashe wutar gaɓa nan take. Kada kowa ya yi tsalle ya bi shi, a jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa ko a miƙa masa busasshiyar sanda wadda ba ta ƙarfe ba.

In mai gyara ya zo, ki tsaya ki ga ya yi waɗannan. Ya auna wayar at tun daga fulogin gaɓa har jikin firji. Ya tabbatar ba a juya waya mai wuta da ta dawowa ba, kuskuren da ake yawan samu a wayar da aka haɗa da hannu. Ya riƙa cire kaya ɗaya bayan ɗaya har ya gano mai yoyon. Sannan ya sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ji yoyo, wadda ake kira RCD, a Amurka kuma ELCI, mai faɗuwa a kaso 30 cikin dubu na amfiya, a kusa da inda wutar gaɓa ke shigowa jirgi. Tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi duk wata. In ya ce zai cire wayar at don wai tana sa ƙarfen jirgi ya ci, kada ki yarda. Matsalar cin ƙarfe gaskiya ce, amma akwai na'urar da ake sawa a kan wayar don ita, ba tare da an tsinke ta ba. Ko bayan an gyara naku, iyo a tashar da jirage ke jone da wuta ba abin yi ba ne, domin ba ki san halin wayar jirgin maƙwabci ba.

Tambaya: Firjin jirgi na da tsada. Zan iya sa na gida da inbata, ko irin mai aiki da gas ɗin girki? Daga wani sabon mai jirgi.

Amsa: Na gida zai yi aiki in ka shirya masa. Kwamfiresarsa na fizgar ninkin abin da aka rubuta a jikinta sau da yawa a lokacin tashi, don haka inbata ƙarama za ta yi ta kuka tana kashe kanta. Ka nemi mai tsabtatacciyar wuta, irin wadda ba ta sa kwamfiresa gurnani da zafi. Ka sani inbata na cin nata kason ko firji na hutawa, kuma mai wat 1000 in ta cika kaya tana jan kusan amfiya 100 daga batirin bolt 12, wato sai gajeriyar waya mai kaurin yatsa da babban fis a bakin batir. Abin da ke fitowa daga inbata kuma yana kisa daidai da wutar gaɓa, shi ma sai da at da na'urar yanke yoyo. Ka ɗaure firjin da kyau, ka sa wa ƙofarsa sakata.

In injinka na fetur ne, kada firjin gida ko inbata su zauna a ɗaki ɗaya da inji ko tanki. Makunninsu na fitar da ɗan tartsatsi duk lokacin da suka kama, tururin fetur kuwa ya fi iska nauyi, a gindin jirgi yake kwanciya. Wurin batir ma a bar masa iska, saboda gas ɗin da batirin dalma ke fitarwa lokacin caji yana kamawa da wuta.

Mai gas ɗin girki kuwa ban yarda da shi a jirgi ba. Sai yana tsaye daidai yake aiki sosai, jirgi kuma ba ya tsayawa daidai. Yana da harshen wuta da ke ci dare da rana, kuna barci yana ci. In iska ta kashe shi ko bututu ya yi yoyo, gas ɗin ƙasa yake gangarawa, kuma jirgi ba shi da ƙofar da zai fita ta ƙasa kamar gida. In kuɗin na bolt 12 bai samu ba yanzu, ka riƙe akwatin ƙanƙara mai kauri har ya samu.